Ƙibar Yaro Da Hakkin Da Ke Wuyan Mahaifansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ciyar da mu daga daɗaɗan abubuwa, ya kuma hana mu ƙetare iyaka a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako zance ne na cikin gida, wanda ya shafi uba da uwa da kaka, watau ƙibar da ta wuce kima ga yara, da abin da Shari'a ta ɗora wa iyaye idan likita ya ce musu ɗansu yana bukatar magani. Na san wani mai karatu a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe zai yi murmushi, ya ce Malam ya rasa abin faɗa, ƙasar da ake fama da tamowa ina ita ina zancen ƙiba? Yana da hujja kuwa. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Jihar Sakkwato kuwa sun haura rabi, alhali waɗanda nauyinsu ya wuce ƙa'ida a ƙasar duka 2 ne kacal cikin 100. Amma fa waɗannan biyun ba a raba su daidai tsakanin gidaje ba. Sun fi taruwa inda Allah ya hore abin hannu, kamar gidan attajiri mai shaguna a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, da gidan ma'aikacin gwamnati mai albashi, watau gidajen masu karanta wannan fili.

Abin kuma tafe yake, ba tsaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 1990 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 waɗanda nauyinsu ya wuce ƙa'ida 8 ne cikin 100, zuwa 2022 sun zama 20 cikin 100, fiye da mutum miliyan 390, daga cikinsu miliyan 160 ƙibarsu ta kai matsayin cuta. A da ana ɗaukar wannan ciwon Amurka ne da Ingila. Yanzu ya shigo ƙasashen talakawa, har ya zama a unguwa ɗaya ana kai wani yaro asibiti don ya rame, ana kai ɗan maƙwabcinsa don ya yi ƙiba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya girma a wannan yanki. Yaron Tambuwal na da yakan tashi da kunu ko ɗumamen tuwo, ya taka da ƙafa zuwa makaranta, ya dawo ya kai abinci gona, ya yiwo wa dabbobi ciyawa, ya samo karan da za a hura wuta a makarantar allo da dare, idan wata ya haska kuma a fita langa da kokawa, 'yan mata suna gaɗa. Abin marmarinsa goruba ce da magarya da aduwa da kanya. Ɗansa na yau kuwa ɗan kabu-kabu ne ke ɗaukarsa daga ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar makaranta, da kuɗin tara a aljihu, ya sayi biskit da alewa da lemon kwalba, ya dawo a dafa masa taliyar leda, sa'an nan ya kwanta da wayar mahaifiyarsa ko ya zauna gaban talabijin har barci ya ɗauke shi. A waɗansu garuruwan ƙasar Kebbe, da ke kan iyakar Zamfara da Kebbi, rashin tsaro ya ƙara sa iyaye suna tsare yara a gida, kuma ba mai zarginsu a kan wannan. Abincin ya ƙaru da mai da sukari, motsi ya ragu, jiki kuwa duk abin da bai ƙona ba sai ya adana shi kitse.

Sai dai babban abin da ke hana magani yana cikin zukatanmu. Mu Hausawa mun saba ɗaukar ƙiba alamar wadata. Idan aka ga yaro ɓulɓul sai a ce tubarkalla, gidan nan ana ci ana ƙoshi. Idan aka gan shi siriri sai a fara tambayar ko uwarsa ba ta kula da shi. Da yawa daga cikin iyayen yau sun tashi a gidajen da suka ɗanɗana farin 1973 ko yunwar 1984, suka yi alkawari a ransu cewa 'ya'yansu ba za su nemi abu su rasa ba. Niyya ce mai kyau, amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da cutarwa ta zama alheri. Don haka ake samun uban da likita zai gaya wa ɗansa ya yi nauyi da yawa, ya fito yana faɗa, yana cewa baki ne ake yi wa yaron, ko hassada.

To, me addininmu ya ce? Allah Maɗaukaki a cikin Suratul A'araf, aya ta 31, ya halatta mana ci da sha, ya kuma haɗa halaccin da hani ga ɓarna a aya ɗaya, domin kada wani ya riƙe rabi ya saki rabi. Imam Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa ciki shi ne mafi sharrin mazubin da mutum ke cikawa, ya kuma koyar da a kasa shi uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kan wannan ladabi a babin abinci da abin sha. Mun haddace shi muna yara, sai dai mun ɗauka manya kaɗai ake nufi.

Malamai ba su ɗauka haka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, a inda ya yi bayanin tarbiyyar yara cikin Ihya'u Ulumiddin, ya nuna cewa kwaɗayin abinci na daga cikin halayen da ke fara rinjayar yaro, don haka a nan ake fara ladabtar da shi. Ya kuma yi umurni da a saba masa da tafiya da motsa jiki a wani yanki na yini don kada kasala ta kama shi, a bar shi ya yi wasa idan ya taso daga makaranta. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, a littafinsa Tuhfatul Maududi ya lissafa barin yara su riƙa cika ciki da yawan ci da sha a cikin mugun renon da ake yi musu. A nan gida ma, Malam Abdullahi na Gwandu, maƙwabciyarmu, ya wallafa Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi wallafe-wallafe a ilmin magani. Garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ya yi ribaɗi bai kamata ya ɗauki kula da lafiyar jiki baƙon abu daga Turawa ba.

A nan akwai wata mas'ala da ya wajaba a tsaya a kanta, domin a kanta ne masu wa'azi da yawa ke zamewa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa Annabi, bayan ya yabi ƙarnukan farko, ya ambaci waɗansu mutane da za su zo daga baya, daga cikin alamunsu akwai bayyanar ƙiba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya kawo bayanin malamai cewa abin zargi shi ne ƙibar da mutum ya jawo wa kansa da wuce iyaka a ci da sha, amma wanda aka halitta a haka ba ya cikin zargin. Likitocin yau sun tabbatar da cewa gado yana da hannu a ƙiba, yara biyu za su ci daga akushi ɗaya, ɗaya ya yi teɓa ɗaya bai yi ba. Bisa ga haka, yaro mai ƙiba ba shi da laifi ta kowace fuska. Alƙalami bai hau kansa ba, ba shi ke cefane ba, ba shi ke girki ba, ba shi ya sayo katan ɗin lemo ya ajiye a firiji ba. Wanda za a tambaya shi ne wanda hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kira makiyayi, watau uba a kan iyalinsa da uwa a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Ciyarwar da Shari'a ta wajabta wa uba ciyarwa ce bisa abin da aka sani na kyautatawa, kuma abin da likita amintacce ya tabbatar yana cutar da yaro ya fita daga kyautatawa ko da da halal aka saye shi.

Cutarwar kuwa likitoci sun bayyana ta. Yaro mai ƙiba ya fi kusa da ya zama babba mai ƙiba. Ciwon sukari irin na manya da hawan jini, waɗanda a da sai mutum ya manyanta ake jin su, yanzu ana samunsu ga matasa. Kitse yakan taru a hanta ba tare da wani zafi da zai faɗakar ba. Yaron yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji, malami ya doke shi a kan lalaci. Nauyi yakan tanƙwara ƙafafun ƙaramin yaro, ko ya taɓa ƙashin ƙugun wanda ya fara tasawa har ya riƙa ɗingishi. Akwai kuma wata alama da iyaye mata ya kamata su sani: idan fatar bayan wuya ko ta hammata ta yi baƙi ta yi kauri, uwa takan ɗauka dauɗa ce, ta yi ta gurza da soso da sabulu ba ta fita. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sukari, kuma a kai yaron a gwada jininsa shi ne daidai.

Neman magani kuwa Annabi ya yi umurni da shi a hadisin Usamatu ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Matakin farko shi ne awo, domin ido ba ma'auni ba ne, balle idon uwa. A Babban Asibitin Tambuwal ko a ɗakin shan magani na gari, ma'aikacin lafiya zai auna nauyin yaro da tsayinsa, ya gwada su da abin da ya dace da shekarunsa da jinsinsa. Idan abin ya yi tsanani, ko ana zaton wata cuta ce ta haddasa shi, akwai likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ina roƙon iyaye maza su je da kansu. Uwa takan dawo da bayanin likita, uban da bai ji da kunnensa ba ya shigo da daddare da ledar tsire da lemo ya rushe komai.

Abin da zai ba iyaye mamaki shi ne, galibi likita ba zai rubuta ƙwaya ko allura ba. Ga ƙaramin yaro mai girma, sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya tsayinsa ya ci gaba, har jikin ya daidaita da kansa. Wannan aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru, kuma a tsakar gida ake yinsa. Mafi sauƙin abin da za a fara cirewa shi ne abin sha mai zaƙi. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi 10 ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar cewa mafi kyau ga babban mutum kada ya wuce kimanin cokali 6 a yini. Gwamnatin Tarayya a Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, amma ni a ganina naira goma ba za ta hana ɗan attajiri shan lemo ba, uban ne zai hana. Kada kuma a cire lemon kwalba a maye gurbinsa da zoɓo ko fura ko shayin da aka zuba wa sukari da ludayi.

Sauran abincin ba sai an nemo shi daga nesa ba. Tuwon dawa da na gero, da wake, da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, da kwaɗon zogale da rama, da nono, da kifi, da kankana da gwaiba da mangwaro a lokacinsu, duk suna kasuwanninmu, kuma sun fi arha a kan abin da ke zuwa cikin kwali. A rage soye-soye, a daidaita lokacin ci, a zuba wa yaro gwargwadon shekarunsa, kada a tilasta masa ya cinye bayan ya ce ya ƙoshi, kada kuma a mai da alewa ladan hadda ko abin rarrashi duk lokacin da ya yi kuka. Ɗan kasuwa mai shagon kayan masarufi ya lura da hannun ɗansa idan ya zo taya shi tsaro. Game da motsa jiki, shawarar Hukumar ita ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kowace rana yana motsi har ya yi gumi. Ƙwallo ta isa, keke ya isa, tafiya makarantar Islamiyya da ƙafa ta isa inda akwai aminci. Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, saboda haka babu dalilin hana yarinya tsalle da guje-guje a tsakar gidansu da sunan kunya.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan yaron kaɗai aka ware. Ba za a ba shi kwaɗon zogale 'yan'uwansa suna shan lemo a gabansa ba, wannan azaba ce, kuma zai koyi ci a ɓoye. Gidan duka ne zai canza cimarsa, uban da ke da tumbi ya fara da kansa. A gidan da ake da mata biyu ko uku abin yana bukatar hikima ta musamman, domin idan maigida ya ce a rage wa ɗan wance abinci, uwarsa za ta iya zaton makircin kishiya ne. Idan kuma yaron maraya ne a hannun matar uba, ita za ta ji tsoron a ce tana horar da shi da yunwa. Maganin wannan shi ne doka ɗaya ga ɗakuna duka, a faɗe ta a gaban kowa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya wajabta adalci tsakanin 'ya'ya a kyauta, kuma tsarin abinci ɗaya ga kowa ya fi kusa da wannan adalci.

Sai kaka, wadda ita ce babbar hukuma a gidajenmu. Za ta ce, "Ku ƙyale mini mijina ya ci, a gidan ubansa yake." Ba a yi mata gardama, ba a ɗaga mata murya. Ɗanta ya same ta ita kaɗai, ya durƙusa ya ce, "Inna, likita ya auna mijin nan naki, ya ce idan ba a rage masa zaƙi ba ciwon sukari na iya kama shi tun yana yaro. Na zo ki taimake mu, don ya fi jin maganarki." Kakar da aka ba wannan matsayi takan fi kowa tsare dokar.

Ina kuma jan kunnen iyaye da yayye da malaman makaranta game da ba'a. Allah ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi a Suratul Hujurat, aya ta 11, kuma bai keɓe yara daga wannan kariya ba. Kiran yaro buhu ko tulu ko acici ba ya rage masa nauyi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya sa yaron ya daina fita wasa don kunya, ya koma ɗaki, abinci ya zama abokin hirarsa. Dubi yadda Annabi ya gyara wa agolansa Umar ɗan Abu Salama cin abinci lokacin da hannunsa ke yawo a akushi: ya kira shi da lafazi mai taushi, ya koya masa ambaton Allah da ci da dama da ci daga gabansa, Umar kuwa ya ce bai bar wannan ladabi ba har tsawon rayuwarsa. Haka nan hana yaro abinci da yunwatar da shi haramun ne, domin jikinsa yana ginuwa. Shayin rage ƙiba da tsimin da ake talla da lasifika a kasuwa, ba a ba yaro su.

Akwai kishiyar wannan ɓarna, ita ce ƙiba ta da gangan. Waɗansu iyaye mata suna sayen ƙwayoyi da ruwan magani a kemis, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, su ba yaro siriri ko budurwar da aka sa wa rana don ta ciko. Daga cikin abin da ake amfani da shi akwai deksametason, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don waɗansu cututtuka na daban. Idan aka daɗe ana shansa yakan kumbura fuska, ya hau da jini da sukari, ya raunana ƙashi, ya tsayar da girman yaro, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wanda ya daɗe a kansa ma ba a yanke masa shi rana ɗaya, sai likita ya janye shi sannu a hankali. Masu yin haka wani lokaci sukan kafa hujja da ruwayar cewa mahaifiyar Nana A'isha ta nemi ta yi jiki kafin tarewarta. Amma abin da ruwayar ta ambata abinci ne, ɗanyen dabino da wani nau'in kokwamba, ga yarinyar da ba ta da jiki, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ita ke hukunta abin da ya wuce haka. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a 737, wanda Shehu Usmanu ya yawaita kafa hujja da littafinsa Almadkhal, ya yi kakkausar suka ga iyalan da ke hana 'yan mata azumin Ramadan don kada ƙibarsu ta zube.

Daga ƙarshe akwai wani kuskure da ya fi faruwa a ƙauyukan Kebbe da na Tambuwal fiye da cikin gari, shi ne a ɗauki kumburi a matsayin ƙiba. Yaron da tamowa ta yi wa tsanani, musamman bayan yaye, yakan kumbura a ƙafafu da fuska, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina walwala, mai wucewa ya ce yaron ya yi kumari. Gwajin mai sauƙi ne: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa gwargwadon a ƙirga uku, idan aka ɗaga wurin ya lotsa bai ciko nan take ba, ruwa ne ya taru, kuma a ranar za a kai shi asibiti, ba a jira ranar kasuwa. Sau da yawa irin wannan yaro ɗan mai yi wa Alhaji noma ne, ko ɗan mai gadin ofis, kuma Buhari a Adabul Mufrad ya ruwaito daga Ibnu Abbas gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ƙoshi alhali maƙwabcinsa na fama da yunwa. Kuɗin katan ɗin lemo guda da za a daina shigarwa gida yana sayen wake da gyaɗa da ƙwai da za a aika wa uwar wannan yaro.